Jar L a Bayan Babur ɗin Zakariyya

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
30 ga Yuli

Zuwa ga ɗana Zakariyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka a can Mambila. Yaya sanyi, yaya fama da yi wa shanun mutane allura? Allah ya taimaka. Mu nan alhamdu lillahi. Innarka Hafsat ta ɗan ji ciwo a wurin suyar ƙosai, amma da sauƙi. Ɗan'uwanka Bashir yana nan yana zuwa kasuwa.

Na ba Bello direba wannan takarda, don ya ce jibi zai juya idan ya gama sauke fiya a 'Yan Lemo. Ka san ni da waya. Kai sai ka hau tudu kafin ka sami sabis, ni kuma rabin maganar ba na ji.

Maganar babur ɗinka ce, wanda ka bar mini ajiya. Ina so ka rubuto mini takarda, ka ce kai Zakariyya, mai babur lamba kaza, ka damƙa shi a hannuna da yardarka, kuma duk abin da na yi da shi da saninka ne. Ka sa hannu, ka haɗo da hoton katin shaidarka. In shugabanka yana kusa, ya buga hatimi. Wata 'yar hidima ce ta hukuma ta taso, ba abin tashin hankali ba. Kada ka bari Bello ya dawo ba ita.

Kawunka,
Malam Inuwa

*

Gembu
9 ga Agusta

Kawu,

Wa'alaikumus salam. Na sami takardarka, na gode. Ina lafiya, sai mura da ba ta rabuwa da mutum a ƙasar nan. A yi wa Inna sannu.

Kawu, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Bello zai dawo ba takardar, don akwai abin da ban gane ba.

Kwana uku kafin wasiƙarka ta iso, abokina Murtala, mai gyaran waya a Tarauni, ya same ni a waya. Ya ce ranar Asabar ɗin ƙarshen wata da safe ya ga babur ɗina a bayan motar sintiri ta 'yan sanda, an ɗaure shi da igiya. Ya ce ba ya shakka, don shi ya manna mini sitikar da ke jikin tankin. Kuma ya ce a ƙasan lambar baya akwai jar L, irin wadda 'yan koyon tuƙi suke ratayawa.

Ni na bar babur a ɗakin zaure, a lulluɓe da tamfol, batir a cire. Shekarata bakwai da lasin. Me ya kawo alamar koyo a jikinsa? Wa yake koyo da shi?

Na kira ka sau uku daga kan tudu. Biyu ba ka ɗauka ba, na ukun da na ambaci babur ka ce ba ka ji, layin ya yanke. Amma gaisuwa duk ka ji ta.

Sannan ga takardar da kake nema. Na karanta wa wani abokin aikina, ya ce irinta ake nema in za a canja sunan mai abin hawa. "Duk abin da na yi da shi da saninka ne." Kawu, wane abu? In na sa hannu a kan wannan, ko sayar da shi aka yi, ko wani aka buge da shi, ni na ce na sani.

Ba na zarginka. Amma Bashir ya daɗe yana zagaya babur ɗin nan, tun ranar da na sayo shi yake cewa ya fi dacewa da shi. In shi ne ya ɗauka aka kama shi, ka faɗa mini kawai. Sunana ne a takardun, kuma ka san ana nan ana duba fayil ɗinmu don tabbatar da mu a aiki. Ba na son sunana ya shiga littafin 'yan sanda a kan abin da ban ji ba ban gani ba.

Ɗanka,
Zakariyya

*

Gyaɗi-Gyaɗi
18 ga Agusta

Zakariyya,

Bayan gaisuwa. Allah ya sawwaƙe murar. Innarka tana samun sauƙi.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na ajiye, na sake ɗauka. Kakarka da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito. Wasu sai su ce zumunci ne na nesa, amma da ka zo Kano karatu a gidan nan ka yi shekara huɗu, kwano ɗaya da Bashir. Ban taɓa zaton akwai ranar da za ka kai rubutuna wurin baƙo ya fassara maka ba.

Ka cire Bashir daga maganar nan. Bai taɓa ɗora ƙafarsa a kan babur ɗinka ba, kuma ban nuna masa abin da ka rubuta ba. Wanda ya hau shi ba yaro ba ne, kuma ba wanda za ka tsare da tambayoyi ba ne. Yana da takardarsa ta hukuma. Ba a sayar ba, ba a bugi kowa ba.

Gaskiya ne babur yana hannun 'yan sanda. Akwai wani Saja da ya san maganar tun daga farkonta, ya ma haddace lambar da ka. Shi ya ce ba za a sake shi ba sai an ga yardar mai shi a rubuce. Yau kwana ashirin da uku ke nan yana ajiye a filin ofishinsu, ruwa yana dukansa. Jinkirin daga wajenka ne.

Shi kuma Murtala, tunda idonsa yana gani haka, me ya hana shi zuwa ya tambaye ni? Gidana bai ɓace masa ba. Ina so in san me kuma yake gaya maka, kuma su wa yake gaya wa a unguwa.

Sauran bayani sai ka zo, baki da baki. Ka aiko da takardar.

Malam Inuwa

*

Gembu
6 ga Satumba

Kawu,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta 18 ga Agusta sai shekaranjiya ta iso. Ƙasa ta zaftare a kan hanyar hawa dutse, motoci suka yi kwana da kwanaki a ƙasa. Ni kuma ina nan ina ƙirga kwanaki, ina cewa shiru ka yi mini da gangan.

Da ta iso kuma ba ta kwantar mini da hankali ba. Ka ce wanda ya hau ba yaro ba ne, ba kuma wanda zan tsare da tambaya ba. Ka ce yana da takardar hukuma. Ka ce wani Saja ya san komai tun farko, har ya haddace lamba. Na kwana ina juya maganar nan, abin da na fahimta shi ne wani mai ƙarfi ne ya karɓi babur ɗin daga hannunka, kana jin nauyinsa ko tsoronsa, yanzu kuma ana so in sa hannu a halasta masa. In ba haka ba, me zai hana ka faɗi suna? Suna ɗaya ne fa, Kawu.

Gara ka ji daga bakina. Da na ga mako uku ba amsa, na sa Murtala ya je ofishin 'yan sandan. Na tura masa hoton rasit da katina ta waya. Na ce ya gaya musu mai babur yana Taraba, bai ba kowa izinin hawa ba, kada a sake shi ga kowa sai ya zo da kansa. Ya je ranar Litinin, sun rubuta.

Ba don in ɓata maka na yi ba. In wani ne yake matsa maka, wannan zai raba ka da shi. Kada ka ga laifin Murtala, ni na aike shi.

Zakariyya

*

Gyaɗi-Gyaɗi
15 ga Satumba

Zakari,

Ni ce Innarka Hafsat. Ina gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutun, a kwance nake yi. Kawunka bai san na rubuta ba, Bashir zai kai wa Bello.

Ciwon da aka ce maka ɗan kaɗan ne, ba kaɗan ba ne. Kaskon mai ne ya kife mini daga gwiwa har idon sawu. Kwanana goma sha ɗaya a asibiti. Yanzu ina takawa da sanda.

Mai hawa babur ɗinka Kawunka ne. Shi ne ɗan koyon.

Bayan azumi wata makaranta a Hotoro ta ɗauke shi koyar da lissafi. Ka san tun da ya yi ritaya zaman gida yake cinsa. To amma kafin ya sami adaidaita biyu ya isa, an gama darasin farko, har mai makarantar ya fara yi masa magana. Rannan na gan shi a zaure ya yaye tamfol yana kallon babur. Na ce, "Malam, ka tambayi yaron nan tukuna." Ya ce, "Sai na iya. In na kasa, ba wanda ya sani."

Ka san shi da bin doka. Sai da ya je ya yanki takardar koyo, ya sayi hular kwano, ya sayi jar L guda biyu ya ɗaura gaba da baya da waya. Wani makanike a Daurawa ya riƙa koya masa a filin ƙwallo bayan sallar asuba. Ya faɗi ya fi sau biyar. Mutum mai shekara sittin da ɗaya, wanda ya yi hedimasta shekara goma sha tara, ga shi da L kamar ɗan sakandare. Masu shayi suna ganinsa sai su ce, "Malam lana ɗan koyo, a sauka lafiya!" Yana dariya a waje, amma in ya shigo gida ba ya iya cin abinci. Ya roƙe ni da Bashir kada mu gaya wa dangi.

A mahadar da yake bi in zai tafi Hotoro akwai wani ɗan sanda, Saja Ishaku, mutumin Filato. Ranar farko ya tsayar da shi, ya duba takardar, ya ce, "Baba, ka yi daidai. Abu biyu kawai: kada ka cire alamar nan, kada ka goya kowa har sai ka ci gwaji." Kullum suna gaisawa.

Ranar da na ƙone Asabar ce ta tsaftar muhalli. Ba adaidaita ko ɗaya a titi, Bashir ya kwana a Wudil. Ina ihu, maƙwabta suna ta kawo ƙwai da gishiri. Kawunka ya ture su, ya fito da babur. Ina gani ya sa hannu ya fizge L ɗin gaba, wayar ta yanke shi a yatsa. Ta bayan ya manta da ita. Aka ɗora ni, na riƙe rigarsa, muna tafe babur yana rawa.

A mahadar nan Saja ya sha gabanmu. Ya ce, "Baba, jiya kana koyo, yau ka ƙware?" Kawunka ya ce, "Na ci gwaji." Shekara talatin da shida muna tare, ban taɓa jin ya yi ƙarya ba sai ranar. Saja ya zagaya baya, ya ɗaga L ɗin da yatsa. Sai ya ga ƙafata. Ya ce, "Kai! Sauke ta, sauke ta!" Ya yi wa motar sintiri hannu. Ni aka sa a gaba, babur a baya. Abin da Murtala ya gani ke nan. Ina cikin motar, ni ce bai gani ba.

Sai da ya ga an karɓe ni a asibiti sannan ya ce wa Kawunka, "Baba, da kun faɗi a hanya da wannan ƙafar fa? Na taimake ka, amma sai na rubuta." Da aka duba takardu aka ga ba sunansa ba ne, shi ne aka ce ya kawo yardarka.

Yanzu ga abin da saƙonka ya yi. Ranar Talata aka aiko wa Kawunka daga ofishin 'yan sanda. Wani babban jami'i ya ce mai babur ya ce bai ba kowa izini ba, don haka maganar ta tashi daga ta koyo ta koma ta ɗaukar kayan mutum. Aka sa shi ya cire hula da takalmi, ya zauna bayan kanta tun hantsi har la'asar. Sai da Saja Ishaku ya dawo daga aiki ya tsaya masa, mai unguwa ya zo ya sa hannu, sannan aka sake shi. An ba shi zuwa ƙarshen wata ya kawo takardarka, in babu a kai kotu.

Da ya dawo na ce ya rubuta maka gaskiya. Ya ce, "Ai gaskiya ya faɗa musu. Bai ba ni izini ba."

Ban ce ba ka da hujja ba, Zakari. Shi ya ɓoye, kuma na gaya masa. Amma ka zauna da mutumin nan shekara huɗu. A duk abin da ka zarga, ba ka taɓa kawo cewa kunya ce kawai take damunsa ba?

Innarka,
Hafsat

*

Gembu
22 ga Satumba

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna, Allah ya ba ta lafiya. Ban san ta inda zan fara ba.

Inna ta rubuto mini. Kada ka yi mata faɗa, don Allah. A tashar mota na karanta, ina ta maimaita ta a kan benci har Bello ya zo ya taɓa ni.

Ga takardar nan, da sa hannuna da hatimin shugabanmu. Na haɗo da ta biyu zuwa ga babban jami'in ofishin, na janye abin da na aika Murtala ya faɗa, na ce rashin fahimta ne daga wajena. Ban jira motar fiya ba, na ba direban motar fasinja da zai kwana a Jalingo, gobe ta iso. Na nemi hutu in zo da kaina, an hana ni sai an gama zagayen allura.

Kawu, na zargi Bashir, na zargi mutumin da ya kai Inna asibiti, na zarge ka da abin da ba zan iya maimaitawa ba. Hannun da ya koya mini rubutu, shi na sa aka kai bayan kanta. Ka yafe mini.

Babur ɗin na bar maka, halak malak. In na zo sai a canja suna. Ka karɓa, ko zuciyata ta ɗan yi sanyi.

Ɗanka,
Zakariyya

*

Gyaɗi-Gyaɗi
5 ga Oktoba

Ɗana Zakariyya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Innarka ta ajiye sanda, jiya har ta taka zuwa gidan maƙwabta barka. Ban yi mata faɗa ba. Ita ta yi mini.

Takardunka sun iso mako guda kafin wa'adi. An rufe maganar, na biya tarar goyo da ta cire alama, an ba ni babur. Tayar baya ta sace, sarƙa ta yi tsatsa, kujera ta sha ruwa. Ni da Bashir muka turo shi har gida, makanike ya gyara. Ban hau ba. Makarantar Hotoro sun ɗauki wani a madadina tun ina jinyar Innarka, amma sun ce in leƙo zangon gaba.

Ka nemi gafara, na yafe maka duniya da lahira. Sai dai ba zan ce maka abin ya wuce kamar ba a yi ba, don na daina ɓoye maka magana. Ranar da nake zaune a bayan kanta, wani kurtu ya shigo da fayil a hannu. Ɗalibina ne, na koyar da shi a aji biyar, har sunan mahaifinsa na sani. Muka haɗa ido. Ya dubi ƙafata ba takalmi, ya juya ya fita, bai sake shigowa ba har aka sake ni. Na san don ya rufa mini asiri ya yi. Har yau in na rufe ido shi nake gani.

Amma ba kai ka fara ba. Kayanka ne, ka bar mini ajiya, na taɓa ban tambaye ka ba. Da ka tambaya na yi ta kewaye-kewaye, na bar ka kana can kan dutse kai kaɗai kana haɗa magana. Na yi wa Saja ƙarya a gaban matata. Na je na ba shi haƙuri. Ya ce, "Baba, ni ma da matata ce, ban san abin da zan yi ba. Amma da na sake ganinka da goyo, zan sake kama ka." Na ce ya yi daidai.

Na kuma je shagon Murtala. Yana ganina ya miƙe zai fita ta baya. Na ce ya zauna, abin da ya gani ya faɗa.

Kyautar babur kuwa, ban karɓa ba. Ba fushi ba ne. Kai ka tara kuɗinsa, da shi za ka yi zirga-zirga in an dawo da kai Kano, kuma da kana cikin natsuwarka ba za ka bayar ba. Ka bar sunanka a inda yake.

Ga abin da nake nema, wanda ya kamata in nema tun watan Shawwal. An sa mini ranar gwaji, sha takwas ga Nuwamba. Takardar da ka aiko ta 'yan sanda ce, kuma a cikin ruɗani ka rubuta ta, ba na lissafa ta. Ni Inuwa, ina roƙonka aron babur ɗinka daga yanzu zuwa ranar, in riƙa fita filin Daurawa da safe, ni kaɗai, ba goyo. In ka ga bai dace ba, ka ce a'a, ba abin da zai ragu tsakaninmu. Makullin yana hannun Innarka, ta ce ba za ta ba ni ba sai ta ga rubutunka da idonta.

Kawunka,
Malam Inuwa

*

Gembu
13 ga Oktoba

Inna,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ki ba Kawu makullin, na ba shi aro da zuciya ɗaya. Ki gaya masa birkin gaba yana kamawa da ƙarfi in an yi ruwa, ya riƙa haɗawa da na ƙafa. An ba ni hutun mako guda daga sha biyar ga Nuwamba. In zai yarda, ni zan raka shi wurin gwajin.

Zakari